Ɗalibai, Ku Daina Mayar Da Waya Injin Kwafar Amsa

Kai ɗalibin da ke ɗaukar hoton aikin gida na fiziks, ka watsa a guruf ɗin WhatsApp ko ka tura wa ChatGPT kana cewa "a taimaka min da amsa, gobe za a karɓa", da kai nake. Wallahi kanka kake cuta, musamman a darasin madubai da haske.

Ga misali. An ba ka madubi mai lotsawa ciki, nisan cibiyar tattara haskensa santimita 10, an ajiye abu a santimita 30 daga gabansa, aka ce ka nemo inda surar za ta bayyana. Da fomular 1/f = 1/u + 1/v za ka samu santimita 15, surar a kife, rabin girman abin. To amma ƙa'idar sa alama iri biyu ce. Yawancin littattafan sakandarenmu suna ba sura ta zahiri alamar tarawa, yayin da bidiyoyin malaman Indiya da ke cike da YouTube suke auna nisan da ke gaban madubi da alamar ɗebewa, su rubuta −15. Ka kwafo −15 ka kai wa malaminka, a ƙa'idarsa kuwa ma'anarta surar tana bayan madubi. Ka faɗi tambayar, kuma ba ka ma san dalili ba.

Za ka ce, "ai makarantarmu babu ɗakin gwaji, malami ma karanto mana yake." Gaskiya ne, makarantu da yawa haka suke. Sai dai wannan darasin kayan gwajinsa suna cikin gidanku. Ɗauki cokalin ƙarfe mai sheƙi ka dubi cikinsa: fuskarka a kife. Juya bayansa: ta miƙe, ta ƙanƙance. Ka ga madubi mai lotsawa da mai tudu ke nan. Irin mai tudun ake sa wa a gefen mota don direba ya hango fili mai faɗi. Haɗa madubai biyu a kusurwar digiri 90, sa murfin biro a tsakani, ƙirga surori: uku. Raba 360 da 90, cire ɗaya, ukun ce dai.

Karon igiyoyin haske ma kullum kana ganinsa. Launukan da ke kan ruwan kwata idan fetur ya zuba, da na kumfar sabulu, haske ne ya dawo daga saman siririn fim ɗin da kuma ƙasansa, igiyoyin suka haɗu, wasu launuka suka ƙarfafa, wasu suka soke juna. Karkata wayarka ka dubi gilashin kyamara: wannan ɗan shuɗi ko kore da ke walƙiya shafi ne siriri da aka yi masa da wannan dabarar don rage hasken da ke komawa baya.

Idan data za ka ƙona, ƙona ta a inda ya dace. Buɗe burauza ka nemi PhET, shafin Jami'ar Colorado ta Amurka, kyauta ne. Shiga Geometric Optics ka ja abu gaba da baya a gaban madubi, ka ga yadda surar ke sauyawa. Shiga Wave Interference ka maimaita gwajin tsaga biyu da Thomas Young ya yi a farkon ƙarni na 19: matso da tsagogin kusa da juna, ka ga layukan haske suna ƙara tazara.

Neman taimako ba laifi ba ne. Amma ka fara zana hoton hasken da hannunka, ka gwada lissafin, sannan ka tura abin da ka yi ka ce "a ina na kauce?" Ko AI za ka tambaya, gaya masa ƙa'idar alamar da littafinka ke bi, ka ce ya bi da kai mataki-mataki.

Ku kuma yayye da ke tura cikakkiyar amsa don a ce kun iya, ku tausaya wa yaran nan. Ranar WAEC, NECO ko JAMB ba a shiga da waya, daga ɗalibi sai abin da ke kansa.

Tura wa ƙaninka ko ƙanwarka da ke SS2. Wanda ya gwada na cokalin ya gaya mana abin da ya gani.