Zaman Iyali: Yadda Muka Ratsa Kano Mu Biyu A Kan Keke Ɗaya

A wannan wata za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi, mu biyu, maigida da uwargida, daga Maigatari zuwa wani ƙauye kusa da Kura. A tsakanin wuraren nan biyu akwai birnin Kano. Abin da ya same mu a cikin birnin shi ne dalilin wannan rubutu.

Da farko bari mu bayyana muku abin hawanmu. Keke ne mai sirdi biyu da feda biyu, amma ƙafafunsa biyu ne kamar kowane keke. Wani mai walda a Gumel ya haɗa mana shi daga tsofaffin kekuna biyu, Raleigh da Phoenix. Tsawonsa ya kusa mita 2 da rabi. Na gaba shi ke riƙe da kan keke da birki. Na baya yana da abin riƙewa, amma ba ya juyawa. Sarƙa ɗaya ta haɗa fedar gaba da ta baya, saboda haka in ɗaya ya taka dole ƙafar ɗayan ta juya, in ɗaya ya tsaya dole ɗayan ya ji a ƙafarsa.

Irin wannan keke ba sabon abu ba ne a duniya. An yi tseren sa a wasannin Olamfik a shekarar 1908, aka ci gaba daga 1920 har zuwa 1972. Har yau makafi suna tsere da shi a wasannin naƙasassu na duniya: mai ido yana gaba, makaho yana baya yana takawa da dukan ƙarfinsa. A Turai da Amurka miji da mata sukan hau shi su bi bakin teku kwana da kwanaki. Mu ba mu da teku a Jigawa. Bakin iyakar Nijar muke da shi, da rairayi, da iskar hunturu.

Mun tashi ran Litinin da sassafe. Da gangan muka guje wa Alhamis, gama ran nan kasuwar Maigatari take ci, manyan motoci masu ɗaukar shanu zuwa kudu kuwa sukan cika hanya. Muka wuce yankin ciniki na bakin iyaka, muka yi wajen kilomita 20 zuwa Gumel. Daga Gumel zuwa Kano wajen kilomita 120 ne. Muka kwana a Gujungu, kashegari muka kwana a Gezawa. Duk inda muka ratsa yara suna binmu da gudu suna dariya, tsofaffi kuma suna riƙe baki.

A kan hanyar nan keken ya yi mana daɗi ƙwarai. Ƙarfin mutum biyu ne ke tura shi, amma iska mutum ɗaya take bugu, gama na baya yana fake da na gaba. Ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu. Mukan yi rabin sa'a ba wanda ya ce da wani uffan, ƙafafu kaɗai ke aiki. Har maigida ya fara yabon kansa, yana cewa ai ya gama sanin keken nan.

A Gezawa masu masaukinmu suka ba mu shawara. Suka ce mu tashi da asuba mu shiga Kano kafin gari ya waye sosai. Uwargida ta yarda. Maigida ya ce ba gaggawa, shi da ya yi zaman Kano yana saurayi, ba lungun da bai sani ba. Amma Kanon da ya sani ta sāke. A watan Janairu na 2013 gwamnati ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, A Daidaita Sahu kuwa suka maye gurbinsu, dubbai a kan kowane titi. An gina gadojin sama a Ƙofar Nassarawa da wasu wurare. Mun sha koko, mun yi hira, ba mu kai 'Yankaba ba sai wajen ƙarfe 10 na safe.

Daga nan abu ya tsananta. Masu kayan miya suna sauke kwandunan tumatir a bakin titi. Masu A Daidaita Sahu sukan tsaya duk inda suka ga fasinja. Masu kura suna tura kaya, ga tifa, ga tirela. Uwargida ba ta ganin kome a gabanta sai bayan rigar maigida. Ta ce, "Maigida, mu sauka mu tura." Ya ce, "Haba, uwargida, a ce mun zo tun daga bakin iyaka a kan keke, mu shiga Kano da ƙafa? Ki dai taka."

Ba mu yi nisa ba wata mota ta tsaya faf a gabanmu. Maigida ya damƙe birki bai ce kome ba. Uwargida ba ta san za a tsaya ba, tana kan takawa. Keken ya karkata, muka zube a bakin kwalbati. Gwiwar uwargida ta goge, jini yana zuba, ƙafar baya ta lanƙwashe. Wata babbar mota ta wuce kusa da kawunanmu, tazararta ba ta kai kamu biyu ba. Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Ba za mu ɓoye muku ba, a bakin titin nan mun yi faɗa. Maigida ya ce don me ba ta daina takawa ba. Uwargida ta ce ita ba ta da ido a ƙeyarsa, ta yaya za ta sani? Wani dattijo mai facin keke, Musulmi, ya taso daga rumfarsa ya ɗaga mu. Ya kawo ruwa aka wanke ciwon, ya zauna ya miƙe ƙafar keken. Da ya gama ya dubi maigida ya ce, "Malam, kai ke da ido, ita ke da rabin ƙarfi. In ka ga abu ba ka faɗa mata ba, laifin wa?" Ya ƙi karɓar kuɗin aikinsa. Ubangiji ya sāka masa da alheri.

Muka tura keken da ƙafa har Sabon Gari, muka sauka a gidan 'yan'uwa. Da dare maigida ya roƙi gafara, uwargida ta yafe. Muka karanta Amos 3:3, inda annabin yake tambaya a kan mutum biyu masu tafiya tare da shirin da ya kamata su yi tun da fari. Muka yi addu'a, sa'an nan muka yi shirin da ya kamata mu yi tun a Gezawa. Ga shi, ko zai amfani wani.

Na ɗaya, lokaci. A shiga babban birni da gari ya fara haske, kafin 'yan makaranta da ma'aikata su fito. Kada a ratsa Kano ran Jumma'a da tsakar rana, gama akan rufe wasu tituna saboda salla, bayan an idar kuma jama'a sukan fito gaba ɗaya.

Na biyu, magana. Na gaba ya faɗi kowane abu kafin ya yi shi: za mu tsaya, ga rami, za mu yi kwana, daina takawa. Na baya kuma ba kaya ba ne. Hannuwansa a sake suke, shi zai miƙa hannu ya nuna wa motoci inda za a juya, shi zai waiwaya ya faɗi abin da ke tahowa daga baya.

Na uku, tashi da tsayawa. A wurin danja na gaba ne zai sa ƙafafunsa ƙasa ya tallafi keken. Na baya ya zauna daram, ƙafafunsa a kan feda, domin in an ba da hannu a tashi nan da nan. A tuna nauyin mutum biyu yana kan taya biyu, don haka birki ba ya kamawa da wuri kamar na keken mutum ɗaya. A bar fili mai yawa tsakaninku da motar da ke gaba. Dogon keke kuma ba ya kwana a ƙuntataccen wuri, kada a kutsa da shi tsakanin motoci.

Na huɗu, a bi dokar hanya. Tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya, kada a bi hannun da ba naku ba don a rage nisa. Kada a shiga gefen tirela a wurin kwana, gama direba ba ya ganinku. Kada a hau gadar sama, keken nan ba ya son hawa, motoci kuma suna gudu a can. A bi ta ƙasa.

Na biyar, wanda ya fi duka: in ɗaya ya ce a sauka, a sauka, ba gardama. Tura keke a babban shataletale ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Kashegari muka tashi kafin ƙarfe 6. Muka kama titin Zariya, muka wuce Gyaɗi-Gyaɗi, da Unguwa Uku, da Na'ibawa. Sau uku uwargida ta ce a sauka, sau uku muka sauka. Bakin maigida bai huta ba, har ta ce masa ba ta taɓa jin ya yi mata magana mai yawa haka ba tun ranar aurensu. Kafin rana ta yi zafi mun fita birni lafiya.

Ya ku ma'aurata, mun ga wani abu game da gidajenmu a tafiyar nan. Sa'ad da hanya take sarai, akwai hatsi a rumbu, yara suna lafiya, miji da mata suna iya zama shekaru ba su yi shawara ba, gida kuwa yana tafiya. Amma kowane aure yana da Kanonsa a gaba: ciwo, ko bashi, ko kuɗin makaranta, ko canjin wurin aiki. A nan ne shirun miji yake ka da iyali. Maza da yawa sukan ci bashi, ko su sayar da gona, matar ba ta ji ba sai a bakin maƙwabta. Sun taka birki ba su faɗa ba, in an faɗi kuma su ɗora mata laifi.

Littafi Mai Tsarki ya ba miji shugabancin gida, gaskiya ne. Amma ku karanta Afisawa 5:21-33 har ƙarshe, za ku ga nauyin da aka ɗora wa mijin ya fi girman da aka ba shi. Wanda ke gaba ba don ya fi daraja aka sa shi can ba, amanar ran na baya ce a hannunsa. Ke ma uwargida, kada ki yi shiru don tsoro in kin hango haɗari, kada kuma ki janye ƙafarki daga feda don kin yi fushi.

Muna roƙonku ku zauna ku biyu a makon nan bayan yara sun kwanta, ku karanta Mai Hadishi 4:9-12. Maigida ya faɗi abin da ya hango a gaban iyalin wanda bai taɓa faɗa ba. Uwargida ta faɗi inda take so a sauka a tura. Sa'an nan ku yi addu'a tare. Gwiwar uwargida ta warke, sai ɗan tabo. Keken yana nan jingine a zaure, muna shirin zuwa Haɗeja da shi bayan girbi.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da gidajenku.