Sawu a Dutse, Shaida a Takarda

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, amma akwai wani fanni na ilimi wanda akasarin masu nazarinsa ba su taɓa ganin dabbar da suke magana a kanta ba, sai dai abin da ta bari a bayanta. Wannan shi ne ilimin sawu, watau nazarin sawun ƙafa, da ramuka, da kushewar tsutsa, da sauran alamun da halittu suka bari cikin laka tun zamanin da, har lakar ta sandare ta zama dutse. Manufata a wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga yadda ake buga sakamakon binciken wannan fanni, da kuma waɗanda ake bari a baya wajen karanta shi.

Da farko, ya kamata mu lura da bambancin sawu da ƙashi. Ƙashi ana iya tone shi a kai gidan tarihi. Jerin sawu kuwa, sau da yawa yana shimfiɗe ne a kan faffaɗan dutse, ba ya ɗaukuwa, ruwa da iska suna cinsa kullum. Alal misali, a shekarar 1978 ayarin Mary Leakey ya gano sawun magabatan ɗan'adam a Laetoli ta ƙasar Tanzaniya, cikin tokar dutse mai aman wuta wadda ta kai shekara miliyan 3.6. Aka buga labarin a mujallar Nature a 1979, sa'an nan aka sake binne sawun don a tsare shi. Duk da haka saiwar itatuwa ta yi masa ɓarna, har sai da aka sake tono shi aka gyara a 1995 da 1996, aka mai da ƙasa. Ke nan abin da duniya ta sani game da wannan sawu, daga takarda da hotuna da kwafin da aka zuba ta san shi.

Daɗin daɗawa, bugawa ita ce ke ba na baya damar gyara kuskuren na gaba. Edward Hitchcock na Amurka ya fitar da babban littafinsa a 1858 a kan sawun kwarin kogin Connecticut, yana ganin yawancinsu na wasu manyan tsuntsaye ne. Daga baya aka tabbatar na dabbobin nan ne da ake kira dainaso. Fassararsa ta faɗi, amma zane-zanensa da awonsa sun tsaya, har yau ana amfani da wasu sunayen da ya raɗa. Da ya tsaya ga ba da labari da baki, da babu abin da za a gyara.

Tun da takarda ce ke riƙe da shaida, tambayar ita ce, wa ke iya kai hannu gare ta? Fannin yana da mujallarsa ta musamman mai suna Ichnos, kalmar Girkanci mai ma'anar sawu, wadda aka fara bugawa a 1990. Akasarin maƙalunta sai wanda jami'arsa ta biya kuɗin shiga, ko kuwa ya biya daga aljihunsa. Wannan batu bai yi nisa da mu ba. Tun a 1966 masana daga Faransa suka wallafa bayanin sawun da ke yamma da Agadas a Jamhuriyar Nijar. A 2011 kuma wani ayari na Jamusawa da 'yan Nijar ya bayyana sawu sama da ɗari mai yatsu biyu daga filayen Agadas, suka sa masa suna Paravipus. Wannan maƙala ta fito ne a mujallar PLoS ONE, wadda kowa ke iya karantawa kyauta ta intanet. Wannan ci gaba ne, sai dai da Turanci take, ta farkon kuwa da Faransanci. Makiyayin da garkensa ke ratsa wurin, wanda tsaron dutsen ko lalacewarsa ke hannunsa, bai san abin da aka rubuta ba.

Na san za a ce bugawa tana cin kuɗi, kuma in an sauke wa mai karatu nauyi sai a ɗora wa marubuci, domin mujallun kyauta sukan karɓi kuɗin bugawa daga mai bincike. Gaskiya ne, kuma wannan kan hana talakan mai bincike fitowa. Amma maganinsa shi ne a yafe wa marasa hali, kamar yadda wasu mujallu ke yi, a kuma ajiye hotuna da awo a inda kowa zai samu. Za a kuma ce harshen kimiyya ɗaya ne, don masana su fahimci juna. Ban musa ba. Abin da nake nema shafi ɗaya ne tak, na taƙaitaccen bayani cikin Hausa ko Tamashek, a duk maƙalar da aka rubuta a kan sawun ƙasar masu waɗannan harsuna.

A nan ne aikin ya dawo kanmu. Mafarauta da makiyaya sun iya bambanta sawun gudu da na tafiya, da sabo da kwantai, kuma suna da kalmomin faɗar haka. A nawa ɗan ganin, wajibi ne sashenmu ya tattara waɗannan kalmomi, ya zauna da masana duwatsu a daidaita su, a buga. In ba mu yi ba, sawun giwa zai ci gaba da taka na raƙumi, ranar da dutsen ya goge kuwa, ba abin da zai rage a harshenmu da zai nuna ya taɓa wanzuwa.