Mai Juna Biyu da Doguwar Tafiya a Bazara

'Yar'uwa mai juna biyu, daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a Katsina yakan haura digiri 40, amma ba ya hana maigida cewa a shirya a kai yara Yankari hutu, ko a je biki Maraɗi ta Jibiya. Ni dai a ganina, idan cikinki ya shiga wata tara, ko an gaya miki jininki ya hau, ki yi zamanki a gida.

In tafiyar ta zama dole, abin da ya fi damuna shi ne ƙin shan ruwa don gudun fitsari a hanya, wai kunyar a ce direba ya tsaya. Na sha karɓar mata da ciwon mara kamar naƙuda, alhali ruwa ne ya yi ƙaranci a jikinsu. Ki riƙa kurɓa a kai a kai, kada ki jira ƙishirwa. Idan fitsarinki ya yi ɗorawa sosai, ruwan bai isa ba.

Maigida, a kama hanya bayan sallar asuba, a tsaya duk bayan awa biyu ta ɗan taka, domin dogon zama yana iya daskarar da jini a ƙafa. Bel ɗin mota kuma ƙarƙashin cikin ake ratsa shi. Ki riƙe katin awonki a jaka. Da zarar kin ga jini, ko faya ta fashe, ko motsin ɗa ya ragu, a nufi asibiti mafi kusa.