Kasimu Yero da Kunnen Ɗalibin Zango

Ɗalibin da ya tashi a Nima ko Abossey Okai, inda Hausar yau da kullum ba ta cika bambanta "ya zo" da "ta zo" ba, yakan zaci littafin nahawu kaɗai zai daidaita masa harshe. A ganina, kunne ya riga ido koyon magana, kuma cikin 'yan wasa marigayi Kasimu Yero ya fi cancanta a kasa wa kunne.

Bazazzagin nan, wanda ya rasu a Kaduna a 2017, ya yi suna a talabijin tun ba a san Kannywood ba. Ya fito da Turanci a Cock Crow at Dawn na NTA, ya kuma fito a Karambana da Magana Jari Ce, wasan da aka ciro daga littafin Abubakar Imam. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ba kowace kalma haƙƙinta: ƙ ta fita daban da k, dogon wasali ya sami tsawonsa, ko da cikin barkwanci ne.

Ba raina Hausar Zango nake yi ba, ita ma gādo ce. Amma mai shirin jarrabawa da daidaitacciyar Hausa, ya nemi tsofaffin wasanninsa, ya riƙa maimaita jimlolinsa a bayyane.