Kacici-kacicin Ɗaliban Likita: A Ɗauko Tambayoyin Daga Fadamar Rima

Sanin kowa ne cewa ɗalibi ya fi riƙe abin da aka tambaye shi ya yi gumi kafin ya amsa, fiye da abin da aka karanta masa yana gyangyaɗi. Saboda haka ne malaman likita a wurare da dama suke shirya gasar kacici-kacici, watau a kasa aji ƙungiya-ƙungiya, a jefa tambaya, wanda ya ci a ba shi maki. Ina goyon bayan a yi haka ga ɗaliban kiwon lafiya na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, musamman a darasin cututtukan da ƙwari ke yaɗawa. To, amma fa akwai sharaɗi: wace irin tambaya za a yi musu?

Abin ba na wasa ba ne a Jihar Kebbi. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya cikin 2021 ya nuna cewa yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a jihar suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma babu jihar da ta kai haka. Da Kebbi da Bayelsa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disamba na 2024. Likitan da zai yi aiki a irin wannan wuri, in an tambaye shi wane ne ya gano cewa sauro ke ɗaukar cutar, ya ce Ronald Ross ne a Indiya cikin 1897, madalla, ya ci maki. Sai dai wannan amsa ba za ta rage layin mata masu goyo a asibitin Argungu ba.

Ga tambayar da na fi so a yi. A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara gwajin feshin maganin sauro a ɗakunan kwana a yammacin Lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi. Da fari sauro ya ragu ƙwarai. Ba a cika shekara biyu ba sai aka tarar a Ambursa cewa maganin dildirin ya daina kashe shi. Me ya faru? Ɗalibin da zai iya bayyana cewa tun asali akwai 'yan tsirarun sauro da maganin ba ya yi musu kome, su ne suka tsira suka hayayyafa har suka cika gari, to ya fahimci dalilin da ya sa ake gwada magani kafin a fesa, ake kuma sauya shi lokaci-lokaci. Zai kuma gane abin da ya sa maganin da ke jikin gidan sauro na yau yake rage ƙarfi a wurare da yawa. Abin mamaki, sunan Ambursa ya shiga rubuce-rubucen masana sauro har a Ingila, alhali kuwa da wuya ka sami ɗanmu da ya taɓa jin labarin.

Haka nan noman rani. Shinkafar fadama arziki ce, babu mai musu, amma ruwan da ke kwance a fili rana na dukansa shi ne gidan haihuwar sauro mai kawo zazzaɓi, kuma cikin kamar kwana 10 ƙwai ya zama sauro mai tashi. Na kwata mai ɗoyi yawanci wani iri ne dabam. A tambayi ɗalibi: in kuɗin ƙaramar hukuma ya isa aiki ɗaya tak, ina zai fara? A kuma tambaye shi game da ɗan masunci da aka ba maganin tsargiya ya warke, bayan 'yan watanni ya komo da fitsarin jini. Wanda bai ambaci katantanwar da ke cikin ruwan da yaron ke wanka da su ba, ya faɗi.

Wasu malamai za su ce gasa takan fito da masu kaifin baki ne kawai, masu kunya su yi tsit a bayan aji. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne a riƙa zaɓen mai amsawa da ƙuri'a, kuma bayan kowace amsa malami ya tsaya ya yi bayani, ko an ci ko an faɗi.

Wajen tsara tambayoyin kuwa, kada a bar wa malaman jami'a kaɗai. A gayyato duba-gari da malaman asibitin ƙauye na Argungu da Birnin Kebbi su zauna a teburin alƙalai, domin su ne suka san unguwar da ake kamun kifi ko shingen lambu da gidan sauron da aka raba, da kuma watan da ɗakin yara yake cika.