Doron bindiga mai baki biyu: a bar tsohuwa yadda maƙeri ya yi ta

Masu wasan harbi a Ingila da Amurka sun daɗe suna gardama a kan wani siririn ƙarfe. Duk wanda ya taɓa riƙe bindiga mai baki biyu, irin wadda bututunta ke jere kusa da juna kamar ta mafarautanmu, ya san ƙarfen nan da ya bi tsakaninsu har zuwa baki. Mu kira shi doro. Tambayar ita ce, wane iri ya fi dacewa da harbin faifan yumɓu da na'ura ke cillawa sama?

Bindigogin farauta na Ingila galibi doronsu mai kwarmi ne, ya nutse tsakanin bututun biyu, ido ba ya damuwa da shi. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe mai ɗan tudu, wanda ake kartawa don kada ya yi ƙyalli a rana. Wannan gadon masu gasar harbin tantabara ne, wasan da Birtaniya ta haramta a 1921. Sai na Robert Churchill, maƙerin Landan (ba firaministan nan ba), wanda ya yi bindigarsa XXV mai bututu inci 25, ya ɗora mata doro siriri mai tsukewa a gaba, don gajeren bututu ya yi wa ido kamar dogo.

Ni dai a ganina, in faifai za a harba, shimfiɗaɗɗen ya fi. Mafarauci na iya wuni bai saki harsashi goma ba, amma mai gasa yakan harbi faifai 50 ko 100 a fita ɗaya. Bututu ya ɗau zafi, iskar da ke kansa ta riƙa rawa kamar kawalwalniya, ga faɗin baki biyu ya tare maka faifan da ke tasowa. Doro mai tudu yana ba ido layi guda da zai bi. Ba banza ba a gasar Olamfik kusan kowa mai bututu ɗaya bisa ɗaya yake riƙewa, da doro mai ramuka da iska ke ratsawa.

To amma inda na rabu da masu zumuɗi ke nan. Mutum ya ji an yabi doro mai tudu, sai ya ɗauki bindigar da ya gada ya kai a cire nata a sa wani. Wannan ɓarna ce. A irin waɗannan bindigogi da dalma ake liƙa doron, kuma maƙeri ya sha wahala kafin ya daidaita bututun biyu su riƙa zuba harsashi wuri ɗaya. Wuta ta wuce ƙima, aikin nan ya tashi. Liƙin bai kama sosai ba, ruwa ya shiga ƙarƙashi, tsatsa ta yi ta cin bututu ba wanda ya gani. Kuɗi ya tafi, darajar bindiga ta faɗi, lafiyar mai harbi ma tana cikin haɗari.

Kuma ko aikin ya yi kyau, da sauran rina a kaba. Bindigar nan ba ta da abin saiti na baya, idonka ne ke wannan aiki, kuma katakon gindinta ne ke ajiye idon inda yake. Ka ɗaga doro ka bar katako yadda yake, dole ka ɗaga kuncinka kafin ka hango gaba, da ka ɗaga kuwa saiti ya gudu. Churchill kansa abin da ya koyar shi ne ido ya tsaya kan abin da ake harbi, ya rabu da ƙarfe.

Wanda faifai ke yawan kuɓuce masa, ya fara da gwaji mai araha a filin da hukuma ta yarda. Ya kafa babbar takarda a nisan yadi 16, ya ɗaga bindiga ya harbi tsakiya ba tare da dogon saiti ba, sau biyar ko shida. Duk inci ɗaya da harbin ya kauce, gyaran kashi ɗaya cikin 16 na inci ne a katako, kuma aikin katako bai kai na wuta tsada ba.