Karatun likita bayan yaƙi: a tambayi inda shahada za ta yi aiki kafin a sayar da lambu

Makon jiya yayata ta kira ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Sinnar, muryarta cike da murna. Ɗanta ya ci jarrabawar shahada da maki mai kyau, sai dai bai kai abin da kulliyoyin likitanci na gwamnati suke nema ba. Ana cikin haka wani dillalin makarantu ya turo masa talla ta WhatsApp: akwai wani karatu wai shi "osteopathy", wanda ya yi shi zai fito likita irin na Amurka, ba a neman maki mai yawa, kuɗin rajista kawai za a fara biya. Yaron ya karɓi wayar ya ce min, "Kawu, likitan ƙashi ne, kuma an ce shekara 2 ne ta intanet." Ita kuwa uwar har ta fara ciniki a kan lambun mangwaron da marigayi mijinta ya bari a bakin kogi. Na ce mata, "Yaya, don Allah ki dakata, ki ba ni kwana uku."

Ban ga laifinta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 karatun 'ya'yanmu ya shiga garari. Madani, wadda ta zama mafakar mutanen Khartum, ta faɗa hannun dakarun RSF a watan Disambar 2023, kuma sai 11 ga Janairun 2025 sojoji suka ƙwato ta. An wawashe Jami'ar Jazira, ɗalibai suka watse Gadarif, Kasala, Bur Sudan da Masar. Jarrabawar shahada ta 2023 ba a zauna mata ba sai ƙarshen Disambar 2024. Yara sun taru a bakin ƙofa ɗaya, kujeru kuwa ba su ƙaru ba. A irin wannan hali ne kasuwar dillalai take ci.

To mene ne wannan karatu da ake tallatawa? Kalma ɗaya ce, amma abu biyu take nufi, kuma a nan ramin yake.

A Amurka, wani likita mai suna Andrew Taylor Still ne ya fito da wannan tsari a 1874, ya buɗe makarantarsa ta farko a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892. Tunaninsa shi ne yawancin cututtuka suna da alaƙa da ƙashi da gaɓɓai, don haka ya ba gyaran jiki da hannu muhimmanci. A hankali makarantun suka rungumi likitancin zamani baki ɗaya. Yau wanda ya fito daga cikinsu yana da digirin DO, kuma cikakken likita ne a dukkan jihohi 50: yana rubuta magani, yana karɓar haihuwa, yana yin tiyata idan ya ƙware a kai. Bambancinsa da mai digirin MD shi ne ƙarin darasin aikin hannu na kimanin sa'o'i 200, da jarrabawar lasisi tasu ta daban da ake kira COMLEX. Makarantun sun haura 40, kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a can suke, kuma tun 2020 an haɗe tsarin horon ƙwarewa na ɓangarorin biyu.

A Ingila da Faransa da yawancin ƙasashe kuwa, mai wannan suna ba likita ba ne. Sana'arsa tausa da gyaran gaɓɓai don ciwon baya da wuya. A Ingila yana da hukumarsa ta daban tun dokar 1993, ba ya cikin rajistar likitoci. Sana'a ce mai mutunci, kamar yadda maɗori, wanda Larabawan nan suke kira basir, yake da mutunci a ƙauyukanmu. Amma maɗori ba ya shiga ɗakin tiyata a asibitin koyarwa na Madani. Takardar da na gani a wayar yaron irin wannan ta biyun ce, ita ma ta intanet, babu asibiti babu mara lafiya. Dillalin ya ɗauko darajar digirin Amurka ya liƙa wa hajarsa.

Ko da digirin DO na gaskiya yaro yake nufi, hanyar tana da tsawo. Ba a shiga daga sakandare. Sai ya fara yin digirin farko na shekara 4 da darussan kimiyya, sannan ya zauna jarrabawar MCAT, ya cike takardu ta tsarin neman gurbi na bai-ɗaya da ake kira AACOMAS, ya kawo wasiƙun shaida, a gayyace shi ganawa. Bayan nan shekara 4 na likitanci, sai aƙalla shekara 3 na horon ƙwarewa. Makarantun da dama ba sa ɗaukar baƙon da ba shi da takardar zaman dindindin, kuma baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Kuɗin makaranta kaɗai a yawancinsu ya wuce dala 50,000 a shekara. Ga kuma umarnin da Shugaba Trump ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wanda ya sa Sudan cikin ƙasashe 12 da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka. Lambun mangwaro nawa za a sayar?

Akwai 'yan'uwanmu da suka daɗe a can, 'ya'yansu suna da takarda. Su kam hanya ce ta gaske, kuma kada a raina ta don sunan digirin bai saba da kunnenmu ba. Shawarata gare su: su tabbatar hukumar COCA ta amince da makarantar, su tambayi a waɗanne asibitoci ɗalibai suke yin shekara ta uku da ta huɗu, su duba nawa ne cikin waɗanda suka gama suka samu gurbin ƙwarewa. Tsohuwar makaranta mai asibitocinta ta fi sabon reshen da ɗalibi zai yi ta neman inda zai ga mara lafiya da kansa. Wanda kuma yake da niyyar wata rana ya dawo ya yi aiki a Sudan ko Najeriya ko Saudiyya, ya rubuta wa majalisar likitocin ƙasar tun yanzu, ya ajiye amsar a rubuce, domin kowace ƙasa da dokarta a kan digirin DO.

Abin da ya ba ni mamaki a kwana ukun da na yi ina bincike shi ne, abin da makarantun DO suke alfahari da shi, wato horar da likitan iyali da zai zauna a karkara ya dubi mutum da gidansa da ruwan shansa, a nan Madani aka daɗe ana yin sa. An kafa Jami'ar Jazira a 1975, kulliyar likitancinta ta ɗauki ɗalibai na farko a 1978, kuma tun daga farko ta gina karatunta a kan al'umma. Duk wanda ya taso a ƙauyukan Jazira ya san ɗaliban nan da suke zuwa su kwana a gari, suna bin gida-gida suna tambayar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da rijiya. Mu da muke zaune a bakin kogi da magudanan ruwan gonaki, irin wannan likita muke buƙata, balle in yana jin Hausa, tsohuwa ta faɗa masa inda ke mata ciwo ba tare da tafinta ba.

Sai dai a gida ma ba kowace kulliya ce kulliya ba. Daga makarantar Kitchener ɗaya tilo da aka buɗe a Khartum a 1924, Sudan ta kai tana da makarantun likitanci fiye da 60 kafin yaƙi, da yawansu na kuɗi ne da suka tsiro bayan 1990. Wasu yanzu suna da suna da hatimi, ba su da gini ko asibiti. Don haka ma'aunin da za mu auna tallar waje da shi, da shi za mu auna ta gida.

Na farko, shin Majalisar Likitoci ta Sudan ta tantance kulliyar? Hukumar ilimin likitanci ta duniya, WFME, ta amince da majalisar tun 2018, amma wannan bai nuna kowace makaranta ta ci tantancewa ba. A nemi sunan makarantar ita kanta, a kuma duba shi a kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, kyauta ne. Na biyu, a wane asibiti ɗalibai suke koyon aiki a wannan shekarar, ba kafin yaƙi ba? A tambayi ɗan aji biyar, kada a tambayi mai karɓar kuɗi. Darasin ƙwayoyin cuta yana yiwuwa ta waya, amma ba a koyon duba mace mai naƙuda ta Zoom. Na uku, ina yaron zai yi aiki idan ya gama? In a nan ne, sai ya yi imtiyaz ya samu rajista. In Kano ko Sakkwato yake hange, ya sani Najeriya tana sa duk wanda ya yi karatu a waje ya zauna jarrabawar majalisar likitocinta, MDCN, kuma ba kowa ke tsallakewa ba. Ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Khartum a 2023 sun ɗanɗana wahalar neman inda za su ƙarasa karatu.

Na san abin da ke ƙona zuciyar iyayenmu. Tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa Maiwurno muke ƙasar nan, amma har yau ana yi mana kallon masu noma da su. Rikicin Nil Azrak na 2022 ya tuna mana yadda matsayinmu yake da rauni. Ɗa likita a gida amsa ce ga masu raina mu. Dillalai sun san da haka, shi ya sa suke bi ta ƙofarmu. Takardar da majalisa ba ta sani ba kuwa ƙarin abin dariya za ta jawo mana, ga kuma asarar ƙasar da kakanni suka share da hannunsu.

Da kwana uku suka cika na kira yayata na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To yanzu ya za mu yi da shi, Malam?" Na ce zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya sake zama jarrabawar ya nemi ƙarin maki, ko ya sa aikin jinya da ilimin gwaje-gwajen asibiti cikin zaɓinsa a takardar neman gurbi, domin asibitocin Jazira da Sinnar da ake farfaɗowa suna neman waɗannan hannaye ido rufe. Yaron bai ji daɗi ba, kuma har yanzu bai yanke shawara ba. Lambun dai yana nan, mangwaro ya fara fure. Allah Ya zaɓa masa mafi alheri, Ya kuma tsare 'ya'yanmu daga masu cin kasuwa da burinsu.